Amsa: zama a ƙauyen tsaunukan Papua

Ɗan'uwa, ka tambaya ko baƙo zai iya sayen fili a ƙauyukan kwarin Baliem da ke yankin Papua na ƙasar Indonesiya, kuma ko akwai tsaro. Maganar fili kam ka cire ranka, ƙasa ta dangi ce a wajen ƙabilar Dani mazauna kwarin, mutum ɗaya ba ya sayarwa, in ka biya wani gobe 'yan'uwansa za su taso maka. Dukiyarsu alade ne da gonar dankalin hausa, da alade ake biyan sadaki da diyya, shi ya sa satar guda ɗaya tak kan tada faɗan dangi. Wamena ma, babban garin kwarin, yawanci a jirgin sama ake shiga daga birnin Jayapura da ke bakin teku, kaya tsada. Don Allah kar ka shiga ƙauye ba ɗan gari, kuma dare na yi ka koma masauki.