Shin ciwon dasashi na iya taurara jijiyoyin jini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 54, kuma ina shan maganin hawan jini tun shekara shida da suka wuce. Kusan duk lokacin da na yi aswaki sai na ga jini, wani lokaci har dasashina ya kumbura. Na ji ana cewa ƙwayoyin cutar da ke cin dasashi suna shiga jini su toshe jijiyoyin zuciya. Shin gaskiya ne, kuma idan na yi maganin dasashin na tsira ke nan? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji yana da tushe, sai dai an ƙara masa gishiri. Masana sun tabbatar da cewa cututtukan biyu suna yawan haɗuwa a jikin mutum ɗaya, amma har yanzu ba a tabbatar da cewa ɗaya ce ke haifar da ɗayar ba.

Ciwon dasashi yana farawa ne da dattin da ke manne wa gindin haƙori, wanda akasarinsa ƙwayoyin bakteriya ne. Idan aka bar shi sai ya daskare ya yi tauri kamar dutse, dasashi ya kumbura ya riƙa jini, daga baya ya saki haƙori, a sami rami tsakaninsu, har ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya fara zaizayewa. Cikin wannan ramin tamkar buɗaɗɗen miki ne, shi ya sa taunar abinci kawai ko goge baki na iya tura ƙwayoyin cutar zuwa cikin jini. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya ce kusan kashi 19 cikin ɗari na manya a duniya, wato mutum fiye da biliyan ɗaya, suna fama da mummunan nau'in wannan ciwo.

Shi kuwa taurin jijiya, kitse ne ke taruwa a cikin bangon jijiyar da ke kai jini ga gaɓɓai, jiki ya tura masa ƙwayoyin garkuwa, wurin ya kumbura, ya yi kauri, hanya ta ƙuntace. Ranar da wannan tarin ya fashe jini ya daskare a kansa, sai a sami bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Kumburin nan shi ne mahaɗar cututtukan biyu, domin dasashin da ya shekara yana ciwo yana ɗaga alamomin kumburi a cikin jini gaba ɗaya.

Tun a 1989 wasu likitoci a ƙasar Finland suka lura cewa masu bugun zuciya sun fi takwarorinsu lalacewar haƙora. Daga baya aka gano burbushin ƙwayar da ake kira Porphyromonas gingivalis, wadda gidanta ramin dasashi ne, a cikin tarin kitsen da aka ciro daga jijiyoyin marasa lafiya, kuma da aka sanya ta a jikin ɓerayen gwaji sai jijiyoyinsu suka fi saurin taurarewa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Connecticut ta Amurka sun ba da rahoton cewa sun sami wani irin maiƙo a cikin wannan tarin, wanda dangin waɗannan ƙwayoyi ne ke samar da shi, ba jikin ɗan Adam ba. A Suwidin kuma, binciken da aka buga a 2016 ya kwatanta mutum 805 da suka yi bugun zuciya na farko da wasu 805 masu lafiya, aka ga haɗarin ya ƙaru da kimanin kashi 28 cikin ɗari ga masu ciwon dasashi.

To amma a nan gizo ke saƙar. Shan taba, ciwon suga, yawan shekaru da talauci duk suna lalata dasashi, kuma su ɗin ne dai ke lalata jijiyoyi, don haka raba laifin kowanne yana da wuya ƙwarai. A 2012 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta nazarci hujjojin, ta ce alaƙar tana nan ko da an cire waɗannan dalilai, amma babu hujjar cewa maganin dasashi yana hana bugun zuciya. Mafi kusa da hakan shi ne gwajin da aka yi a Landan kan mutum 120, aka buga a 2007, inda jijiyoyin waɗanda aka yi wa cikakken wankin dasashi suka fi iya buɗewa bayan wata shida. Wannan abin ƙarfafa gwiwa ne, sai dai ba ƙidayar waɗanda suka tsira daga mutuwa aka yi ba.

Saboda haka ba zan ce maka ka tsira ba, kuma kada ka kuskura ka ajiye maganin hawan jini da sunan ka gano tushen matsala a baki. Amma dasashin da ke jini kullum ciwo ne mai zaman kansa, wanda ƙarshensa zubewar haƙora. Ka je wurin likitan haƙori ya kankare dattin da ya daskare, domin aswaki ko buroshi ba sa iya cire shi. Kada ganin jini ya sa ka daina gogewa. Ka dai tausasa bakin aswakin, ka sassauta hannu, ka kuma tsabtace tsakanin haƙora. Ka gwada sugan jininka, domin sau da yawa dasashi ne ke fara tona asirin ciwon suga.

Ka tafi da kwalayen magungunanka. Amlodipine da nifedipine, waɗanda ake yawan rubuta wa masu hawan jini a asibitocinmu, suna sa dasashin wasu mutane ya yi kauri ya kumbura, aspirin kuma yana ƙara zubar jini. Idan ɗaya daga cikinsu kake sha, likitan haƙorin da likitan da ya rubuta maka maganin ne za su yanke shawarar ko a canja shi.