Zuwa kufai da waya a hannu

Malam, ka ce kana Argungu, kana so ka riƙa yawon kufai da tsofaffin ganuwoyi da taimakon waya, amma kana tsoron ka jawo musu ɓarna. Tsoronka yana kan hanya.

Fara da Google Earth, manhajar da ke nuna hoton ƙasa daga sama, tun kana gida. Daga sama layin ganuwa yakan fito, ko da ciyawa ta rufe shi a ƙasa. Gwada da Surame, tsohon birnin Kanta, sarkin Kabi, wanda yanzu yake cikin jihar Sakkwato. Ka kuma sauke taswirar wurin a Google Maps, don sabis yakan ɗauke a daji.

Inda aka fi yin kuskure shi ne hoto. Kyamarar waya tana iya manna ainihin wurin da aka ɗauka a jikin hoton. Kashe wannan a saitinta, kada kuma ka sa alama a taswira. Masu haƙar tukwane da masu kwasar duwatsun gini su ma suna da waya.

Kafin ka shiga, ka gaida mai gari, ya haɗa ka da ɗan rakiya. Su suka san ko hanya lafiya, balle a wannan zamani. Ko katangar tukunya ka gani, bar ta inda take.