Ga mai tambaya kan zanen mutum da ya ƙi yin rai

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka daɗe kana kwaikwayon hotuna daga waya, kamanni na fitowa, amma mutanen da ka zana sai su tsaya ƙiƙam, babu motsi a jikinsu, kana neman mafita. Hannunka ba shi da laifi. Hoto ya riga ya daskarar da mutum, kai kuma kana bin gefe-gefen abin da ya daskare. Ajiye wayar, ka je inda mutane ke motsi.

Tunda a Gadarif ta ƙasar Sudan kake, ai ka samu makaranta a ƙofar gida. Je kasuwar amfanin gona lokacin da riɗi da dawa suka shigo, ka samu inuwa kusa da mai shayi, ka zuba wa 'yan dako ido. Dubi wanda ya saɓa buhu: wuyansa ya miƙe gaba, kafaɗar da ke ɗauke da kaya ta ɗaga, ƙugu ya karkace, duk nauyin ya sauka kan ƙafa ɗaya. Wannan lanƙwasar da ta taso daga ƙeya har diddige ita za ka fara ja, da layi ɗaya, kafin ka tuna yana da hanci. Ba zai tsaya jiranka ba, kuma amfaninsa ke nan. Ka ba kanka daƙiƙa 30, in ya yi yawa minti 2, ka juya takarda.

Ka yi aiki da gawayi. Na murhu ma ya isa, in ka zaɓi mai laushi. Riƙe shi ta can ƙarshe, motsin ya fito daga kafaɗa, kuma kada ka taɓa magogi. Layin da ya kauce ka bar shi, ka ja na daidai a kansa. Idonka ya fi daɗewa kan mutumin fiye da kan takarda.

Awo yana da nasa wuri. Tsawon baligi ya kai kamar kansa 7 da rabi. Wanda ya tsaya kan ƙafa ɗaya kuwa, in ka sauke layi daga ramin wuyansa, kan wannan ƙafar zai faɗa. In zanenka yana neman faɗuwa, nan za ka fara dubawa.

Na san wasu za su ce a makarantun Turai ba a koyon wannan sai da mutum tsirara. Mu ba ma buƙatar haka, kuma ni a ganina jallabiya malama ce babba. Yadin yana rataye ne daga kafaɗa, ya tokare a gwiwar hannu ko gwiwar ƙafa, daga nan ninki ke watsuwa. Nemo wuraren da ƙashi ya taɓa yadi, ka danna gawayi a nan, sauran ka sassauta hannu. Dattijo zaune kan angareb, wato gadon katako mai saƙar igiya, yana jan carbi zai ba ka minti 20 cur, ka ga yadda cinya ke bayyana a ƙarƙashin tufa ba tare da ka gan ta ba.

Batun tsadar takarda da ka kawo gaskiya ne, musamman tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023. Sai dai ka tuna mai zanen nan na Sudan Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, wanda ya yi karatun zane a makarantar Slade ta Landan. Da aka kulle shi a kurkukun Kobar a 1975, a kan guntayen takardar buhun siminti yake zane, yana binne su cikin yashi kada masu gadi su gani. Kwali, bayan tsohuwar kalanda, duk suna karɓar gawayi.

Ka riƙa neman izini kafin ka zauna gaban mutum, musamman dattawa, mata kuwa ka tsaya kan na gidanku in sun yarda. Wanda ya ƙi, ka yi masa godiya ka wuce. Akwai jakuna da raƙuma a kasuwar dabbobi, su ma suna koya nauyi da karkata. Ka cika takarda 20 na gajerun zane a makon nan, ka turo mana su duka har da waɗanda ba su yi maka ba, don a cikinsu ne za mu gane inda idonka ke tsallakewa. Allah ya ba da sa'a.