Amsa ga Malama kan dawowar yara daga dogon hutu

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce 'yan aji huɗunki sun dawo daga dogon hutu kamar ba su taɓa ganin allo ba, wasu na gyangyaɗi, wasu na surutu, da yawa ma ba su dawo ba, kina neman yadda za ki jawo hankalinsu. Na daɗe ina koyarwa a firamaren gwamnati a karkara, ga abin da na ga yana aiki, sauran malamai sa ƙara.

Gyaran daga wajenmu yake farawa. Mu muka saba wa yara da iyayensu cewa makon farko ba na karatu ba ne: shara, nome ciyawar da damina ta cika fili da ita, fito da bencina daga sito, malamai kuwa muna gindin darbejiya ana hirar albashi. Uban da ya ga ɗansa ya dawo gida ƙarfe goma da fartanya a kafaɗa, ai cewa zai yi shi ma yana da gonar da ke jiran fartanyar nan. Don haka ko yara goma kika tarar ran Litinin ɗin farko, ki kira rajista, ki rubuta kwanan wata a allo, ki ba su aiki, ki duba da jan biro. Jan biron nan shi ke kai wa gida labari cewa an koma, kuma kafin Laraba waɗanda suka zo sun gaya wa waɗanda ba su zo ba.

Sai dai kada ki ɗora musu sabon darasi. Malamin allo ba ya yi wa almajiri ƙari sai ya biya na baya ya ji ya zauna, mu kuwa a boko sai mu buɗe manhaja mu ci gaba daga inda takarda ta ce, alhali yaron yana can baya. Surutun da kike ji, yawancinsa na yaron da ba ya gane abin da ake faɗa ne. Ki ba aji aikin kwafa, ki riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya gefen tebur, a hankali, ba tare da kin ce jarrabawa ce ba. Wannan ya karanta haruffa, in ya wuce ki ba shi kalmomi, sai jimla, sai ɗan gajeren labari da Hausa. A lissafi ki gwada su da ɗebewa mai aro, a nan ake gane wanda ya iya da wanda ya haddace. Daga nan ki kasa su rukuni-rukuni gwargwadon inda kowa ya tsaya, sa'a ɗaya kullum, sauran lokacin a koma aji ɗaya. Ba ƙirƙirata ba ce. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da tsarin koyar da yaro daidai matakinsa, kuma an gwada shi a Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, tun 2019.

Wani abin da nake so ki gwada shi ne ki mayar da hutun kansa darasi. Amma ki guji tambayar nan ta "ina kuka je hutu?" Yara biyu ne za su ce Kaduna ko Abuja, saura su sunkuyar da kai. Ki tambaye su wane aiki suka yi. Nan za ki ji kiwo, noma, koyon ɗinki, jiran shago, talla. Akwai wata yarinya a ajina da ba ta buɗe baki, a takarda kuma lissafinta sifili ne. Da ta ce tallan awara ta yi, sai na ce mata, "Awara naira 50, mutum ya ɗauki guda 7 ya miƙo miki 500, nawa ne canjinsa?" Ban rufe baki ba ta ce 150, har da kallona kamar na raina mata wayo. Na kira ta allo muka rubuta 7 sau 50, muka ɗebe 350 daga 500. Tsayawa ta yi da alli a hannu tana kallon abin, don ba ta taɓa haɗa wancan da wannan ba. Yaranmu suna da lissafi a ka, rubuta shi ne bai zauna musu ba.

Gyangyaɗi kuwa na jiki ne, kwana kaɗan zai wuce, wani kuma yunwa ce. Ki sa karatu da lissafi kafin a tashi tara, ki gajarta bayani, in kin ga ido ya fara lumshewa ki tashe su tsaye da waƙar sau ko kacici-kacici.

Bulala a kan makara a makon farko, ni dai ban yarda da ita ba. Yaron da ya san ana jiransa da dorina a bakin ƙofa, kango zai samu ya ɓuya har a tashi, ya bi 'yan'uwansa gida, iyaye na zaton yana aji.

Waɗanda ba su dawo ba su suka fi damuna. Komawar watan Satumba tana haɗuwa da girbin gero, roron wake na biye, ga ranar kasuwa. Ki rubuta sunayensu tun mako na farko ki kai wa hedimasta, shi ya sanar da kwamitin makaranta da mai unguwa, a roƙi liman ya yi tuni bayan sallar Juma'a. Ki fi sa ido a kan 'yan mata, su ne in suka yi mako uku a gida sai talla ta riƙe su. A nan kin fi mu dama, Malama, don ni iyakata zaure, ke kuwa za ki shiga har tsakar gida ki zauna da uwar. Kada ki je da faɗa. Ki gaishe ta, ki ce kin ga kujerar 'yarta babu kowa ne kika zo dubiya ko lafiya. Sau da yawa za ki tarar matsalar ba ta wuce yagaggen yunifom ko rashin littafin rubutu ba, sai ki nemi hedimasta ya bari ta zo da kayan gida kafin a ɗinka.

In kina tsoron masu zuwa duba makarantu su ce kin yi baya a manhaja, ki rubuta makonni biyun farko a matsayin bita a littafin shirin darasinki, hedimasta ya sa hannu, ki ajiye takardar gwajin yaran a cikin rajista don ki nuna musu idan sun tambaya.