Tagwayen Lijadu: Zabiya, Amshi, da Waƙa a Bakin Mai Ita

Tambayoyin wannan mako uku ne, kuma duk kan mawaƙa guda suka faɗa, wato tagwayen nan Yarabawa, Taiwo da Kehinde Lijadu, waɗanda aka sani da Lijadu Sisters.

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto tana cewa: "Malam, in zan yi rubutu a kansu, zabiyoyi zan ce ko mawaƙa? Kuma wace ce mai amshi a cikinsu?"

Malama, mawaƙa za ki ce. Zabiya ba kowace mace mai waƙa ba ce. Ita ce macen da ke jan waƙa a fada ko a gidan biki, tana wasa sarki ko uwar biki, tana kawo kirari da asalin mutum, ana yi mata kari. Sana'arta a gaban taro take, kuma ba ta cika sai da masu karɓa mata. Ki dubi marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa: ita ke bayar da waƙa, matan da ke kaɗa ƙwarya su karɓa. Karɓar nan ita ce amshi, daga amsawa. Shi ya sa in aka ce wane ɗan amshin Shata ne, ana nufin ba shi da ta cewa sai abin da na gaba ya faɗa.

To, tagwayen Lijadu ba a kan wannan tsari suka ginu ba. An haife su a 1948, suka tashi a Ibadan, kuma dangin Fela Kuti ne. Abin da ya fitar da su daban shi ne tare suke ɗaga murya tare suke saukewa, wani lokaci a kan sauti ɗaya, wani lokaci ɗaya ta ɗan hau ɗaya ta yi ƙasa, har mai sauraro ya kasa rabe ta Taiwo da ta Kehinde. Babu mai bayarwa balle mai karɓa. In kin ce ɗaya na yi wa ɗaya amshi, kin mayar da ita yarinyar 'yar'uwarta, kin rage mata matsayi ke nan. Ki ce suna haɗa murya, ko suna rerawa tare. Ni dai na fi son "haɗa murya", don kowane Bahaushe zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai wani dalilin kuma da ya sa zabiya ba ta dace da su ba. Zabiya yabo take yi, su kuwa sau da yawa sara suke yi. A faifansu na 1976, Danger, sun taɓo masu mulki da masu wawure dukiya, a zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, kuma a fagen da maza suka mamaye. In lallai sai an nemo musu kalma daga gidan waƙar Hausa, habaici da zambo sun fi kusa da aikinsu.

Tambaya ta biyu daga wani malamin firamare ce a Maraɗi: "Taiwo ita ce Hassana, Kehinde kuma Usaina?"

Ta fuskar wadda ta riga fitowa, haka ne, Malam. Taiwo sunan wanda ya fara zuwa duniya ne, Kehinde na wanda ya biyo baya. Amma a nan hanya ta rabu. Bayarabe yana ɗaukar Kehinde a matsayin babba, wai shi ya aiki Taiwo ya je ya ɗanɗano duniya ya ji ko ta zaunu. Mu kuwa sunayen daga jikokin Manzon Allah (SAW) muka samo su, Hasan da Husaini, waɗanda ba ma tagwaye ba ne, wa da ƙane ne. Saboda haka ga al'ada Hassana ce ya, Usaina ƙanwa. In ka ce Taiwo ce yayar Kehinde, Bahaushe zai gyaɗa kai, Bayarabe ya girgiza. Wanda aka haifa bayan tagwaye mu Gambo muke ce masa, su Idowu.

Ta uku ta fi daɗin amsawa. Wani mai karatu daga Kumasi ya ce ya ji waƙar "Sare" ta mawaƙiyar nan 'yar Nijeriya, Ayra Starr, daga baya aka nuna masa cewa an gina ta a kan "Orere Elejigbo" ta tagwayen. Yana tambaya ko nan ne wurin cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ana iya cewa, amma ka san yadda Hausawa suka fi amfani da karin maganar. Ba kasafai ake nufin waƙar kiɗa ba. Ana faɗarta ne in ana son wanda abu ya shafa ya yi bayani da bakinsa, kamar ɗan jarida ya ce "bari mu ji daga gare shi, don waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi." Kai ka mayar da ita gidanta na asali, kuma ba laifi. Sai dai kalmar da ke da nauyi a ciki ita ce "mai ita". Wane ne mai waƙa, wanda ya rera ko wanda ya buga faifai? Tsakanin 1976 da 1979 tagwayen sun fitar da faifai huɗu a ƙarƙashin Afrodisia, reshen kamfanin Decca: Danger, Mother Africa, Sunshine da Horizon Unlimited, kuma "Orere Elejigbo" a na ƙarshen take. Sun riga sun ga duniya kafin nan, don a 1972 sun yi wasa da makaɗin nan Bature, Ginger Baker, a birnin Munik lokacin wasannin Olamfik. Duk da haka sun sha kokawa a fili cewa kamfanonin faifai ke cin moriyar wahalar mawaƙa. A shekarun 1980 suka koma Amurka da zama, aka daɗe ba a jin ɗuriyarsu, faifan suka yi wuyar samu sai a hannun masu tara tsofaffin kaya. Kamfanin Knitting Factory ya sake buga su wajen 2011 zuwa 2012, matasa suka fara tono su. Kehinde ta rasu a Nuwamba 2019.

Saboda haka in za ka kawo karin maganar a rubutunka, ka ambaci sunan masu waƙar a jimlar da ta gabace ta, ka kuma faɗi faifan da shekararsa, 1979, don mai karatu ya san inda zai nemo ta asalin.