Fadar Infantado ta Gwadalahara: ta cancanci a ba ta yini guda?

Tambaya: Salam malam, ina Madrid wajen wani taro kuma ranar Asabar ba ni da abin yi. Wani ya ce in je in ga fadar Infantado, anya ta kai a sha wahalar tafiya dominta?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ka je wallahi, ba wata wahala ma, jirgin kasa za ka hau daga tashar Atocha, cikin kamar awa daya kana Gwadalahara (ta Sifen fa, ba ta Meziko ba). Sunan garin kansa daga Larabci ya fito, Wadil Hijara, tun zamanin da Musulmi ke rike da yankin.

Gidan na iyalan Mendoza ne, manyan masu sarauta na Kastila, tsohuwar masarauta a Sifen. Íñigo López de Mendoza, mai rike da sarautar Infantado na 2, shi ya sa aka fara ginin wajen 1480, magininsa kuma Juan Guas. Kafin ka shiga ka tsaya a waje tukuna don Allah kar ka yi sauri, bangon gaba duk duwatsu ne masu tsini jere reras kamar an dasa kusoshi, in rana ta haska kowanne da 'yar inuwarsa, can sama kuma akwai baranda mai ado irin na kwaryar zuma wanda duk wanda ya saba ganin hotunan masallatan Andalus zai gane shi nan take. Abin da ya fi burge ni da gidan ke nan, salon Gotik ne na Turawa amma hannun magina Musulmi da suka zauna karkashin mulkin Kirista bai buya ba.

Ciki akwai tsakar gida da ake kira farfajiyar zakuna, hawa biyu, a saman bakunan kasa zakuna ne biyu-biyu suna fuskantar juna, na sama kuma wasu dabbobi ne masu fukafukai. Ka zauna nan ko minti 20 ne. A gidan nan aka yi auren Sarkin Sifen Filib na 2 da Isabel ta Faransa a 1560, kuma Sarkin Faransa Faransuwa na 1 ya sauka nan a 1525 yana fursuna.

Abin da ke min ciwo shi ne rufin dakunan. Na katako ne da aka sassaka aka shafa ruwan zinari, a Disambar 1936 lokacin yakin basasa jirage suka jefa bam, gobara ta cinye su. To in ka daga kai ka ga rufi fayau kar ka ce an cuce ka, gyaran baya ne. Zane-zanen da Romulo Cincinato ya yi a wasu dakunan kasa sun tsira, ka tambaya a nuna maka.

Yanzu gidan tarihin lardin ne a ciki, Litinin a rufe yake amma kai Asabar za ka je. Ka yi sammako, don tashar jirgin tana dan nesa da tsakiyar gari, sai ka hau bas ko ka taka.