Fijo 504 da Vespar da na sayar saboda ita

Ka tsare ni, tsohon bakanike, da tambaya wai me tsofaffi suka gani a jikin Peugeot 504 da suke ta yabonta, daga ina ta fito, kuma me ya raba ta da 406 ɗin da kake kwance a ƙarƙashinta kullum. Da ban amsa ba, don yaran yanzu sai ku yi tambaya idonku na kan waya. Amma ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, ta gaji 404, shekara na zagayowa aka ba ta kambun motar shekara ta Turai. Mu nan sai da aka buɗe kamfanin haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, a 1975 muka san ta sosai. Ya zo daidai da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, malamin makaranta ma yana iya ɗaukar bashin mota ya fito da sabuwa dal, leda a kujera. Gwamnatin soja ta Obasanjo kuma ta mai da ita motar manyan jami'ai. Wagon ɗin ta cika tashoshi, akori-kurar ta ɗauki buhunan masara. A waccan shekarar ta 1975 ta ci tseren Safari a Kenya, hanyar da ko jaki sai ya yi tunani. Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983, bayan 505 ta fito a 1979, amma Kaduna ba ta sake ta ba sai 2006.

Ƙafar baya ke jan ta, injin a tsaye yake bisa tsawon mota, an ɗan kishingiɗar da shi gefe. Kafireta ce ke ba ta mai, kwantak ke ba ta wuta, ba birenbos, wato kwamfutar mota. 406 da ta zo a 1995 ƙafar gaba ke ja, inji a gicciye, wayoyi kamar taliya. Saita kwantak ba zan ɓata bakina a kansa ba, wanda bai iya ba ya koma sayar da rake.

Abin da nake so ka riƙe shi ne silif, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a cikinsa. A injin 504 silif ɗin ba a manne yake da bulok, wato gangar jikin injin, ba, zura shi ake yi, ruwa na zagaye da shi, akwai siririn sil a gindinsa, tof, wato murfin saman inji, ne ke danne shi. Shi ya sa ba ta mutuwa: ka zare tsofaffi, ka zura sababbi da fistin da zobe, inji ya koma ango. Amma in ka cire tof ba ka danne silif da washa da noti ba, wani ya juya injin, fistin zai ɗaga shi, sil ya saki.

Bayan an shigo da SAP, tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, a 1986, kayan gyara sun yi tashin gwauron zabo. Wani babban ma'aikaci, ba zan faɗi sunansa ba, ya kawo min wagon fara tana zafi, gasket ya ƙone. Ranar Juma'a ce. Na cire tof, aka kira salla, na ce bari in dawo in danne. Laifina ke nan, na yarda, minti biyar ne na yi wa ƙyuya. Na dawo na tarar da komai yadda na bar shi a ido, na sa gasket, na ɗaure, ta tashi tana waƙa. Ya ce Litinin zai kawo kuɗin aiki.

Litinin ɗin da ɗan sanda ya zo. Wai sun kama hanyar Zariya da iyali, kafin Jaji mota ta fara ƙwanƙwasa. Na zaro ma'aunin baƙin mai, sai ga shi fari kamar kunun gyaɗa. Ruwa ya gangara cikin mai, metal ɗin da kiranshaf ke juyawa a kansa ya cinye, kiranshaf ɗin ma ya tafi. Ya rantse a gaban mutane cewa tun da ya ajiye motar ba wanda ya taɓa ta sai ni. Ni bakanike mai dauɗar riga, shi mai babbar riga, wa za a ji? Vespata da na yi shekara uku ina tara wa kuɗi na sayar na sayi kiranshaf, metal da silif huɗu. Na yi aikin kwana biyar kyauta, kuɗin aikin farko ma bai biya ba har yau.

Bayan shekara biyu direbansa, da suka ɓata, ya same ni a wurin mai shayi. Ya ce ranar ina masallaci maigidan ya zo da kansa, ya ce yana so ya ga yadda fistin ke hawa da sauka, ya sa shi ya juya injin da sifana, har ya ga silif ɗaya ya motsa ya mayar da shi da tafin hannu. Ya sani sarai lokacin da yake rantsuwa.

Yana nan da ransa, ya yi ritaya, Toyota yake hawa yanzu. Duk Juma'a muna haɗuwa a sahu, ya miƙo min hannu yana "Oga, ya aiki?" Nakan ce masa aiki da godiya, sai dai da ƙafa na zo.